Kofi Biyu na Rasberi

Madam Akosuwa ta bugo waya daga Osu,
kek take so na cikar 'yarta shekara bakwai,
a shimfiɗa rasberi a tsakiya, ja wur.
Na ce to.
Ban taɓa ganin itacensa ba, amma na ce to.

A shagon masu sanyi na same shi,
cikin leda, ƙanƙara ta yi masa furfura.
Kuɗinsa ya cinye cinikin kokon Goggo Lariba
na safiya uku, har da ƙosai.
Jikin leda ya ce giram ɗari biyar,
takardar girki ta ce kofi biyu.
Baƙi biyu a ɗakina ba sa jin harshen juna,
ni ce tafinta.

Na zuba a kofi.
'Ya'yan nan ba su san haɗa kafaɗa ba,
kowanne da rami a cikinsa kamar hular jinjiri,
iska ta kama ɗaki a tsakaninsu, ba ta biyan haya.
Na girgiza, suka zauna.
Na ƙara, suka yi tozo.
To wanne ne kofin, na kafin girgiza ko na bayanta?

Na ɗauko sikelin da na sayo a Makola, mai batir,
na ɗora kofi wayam, na mayar da shi sifiri.
Awon farko, ɗari da ashirin da uku.
Na biyu, ɗari da talatin.
Na uku ya yi rowa, ɗari da sha tara.
Na raba gardama, na rubuta a bango da fensir
kusa da lambar mai kawo gas:
kofi ɗaya, ɗari da ashirin da biyar.
Na auna ɗari biyu da hamsin a kwano, na rufe.

Sai aka ɗauke wuta.
Nima duka ta yi tsaki lokaci guda.
Firiji ya yi gum tun azahar,
bai sake tari ba sai bayan isha'i.

Da na buɗe kwanon, sun kwanta a kan juna,
hulunan sun lotse, ruwa ja ya taru a gindi.
Na juye a kofi: ɗaya da ɗan kai.
Gabana ya faɗi.
Wa ya ci? Ƙanena Mutari ya rantse tun ban tambaye shi ba.
Na mayar kan sikeli, da ruwan da komai,
ɗari biyu da hamsin, ko ɗigo bai tafi ba.
Iskar ce kawai ta kwashe kayanta.

Goggo Lariba tana bakin ƙofa tana tsince gero.
Shekara arba'in da olonka ɗaya take awo,
gwangwanin ya yi baƙi, bakinsa ya san yatsunta.
Ta ce, kawo abin nan naki mai ido.
Ta cika olonka, ta share kai da gefen hannu, ta ɗora.
Ta sake. Ta kuma sakewa.
Sau uku, bambancin bai kai nauyin goro ba.
Ba ta ce komai ba, ta dai gyara ɗaurin kallabi.

Sannan ta dumbuzo gero cike da tafi,
wanda take ƙara wa mai saye in an gama ciniki.
Na miƙa mata sikeli.
Ta janye hannu.
Ta ce, wannan gyara ce, 'yar nan,
ba a hawa da ita kan sikeli.

Kek ya tashi da asuba, na kai Osu cikin tiro-tiro,
a kan cinyata, ina roƙon direba ya bi ramuka a hankali.
Giram ɗari biyu da hamsin na ciki.
Guda huɗun da na jera a sama, daga ragowar leda,
ban auna su ba.